Yadda Ake Korar Shazumami Ba Tare da Madam Ta Gano Zumar Ba

Tun da aka shimfiɗa layin dogo a Kafanchan, ba a taɓa samun ƙwaron da ya fi namiji mai karatu wayo ba. Wannan darasi naka ne, kai da likita ya ce sukari ya yi maka yawa a jini, matarka ta kwashe duk wani abu mai zaƙi daga gida, kai kuma ka ɓoye kwalbar zumar Kachia cikin takalmin ruwa a ƙarƙashin gado. Yanzu ga ƙwari sun ja layi daga taga zuwa takalmin. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin asirinka ba zai tonu ba. Maƙwabcina Malam Azariya, tsohon hedimasta, ya gwada su duka, kuma har yanzu yana numfashi.

1. Ka san maƙiyinka, amma kada ka kira sunansa

Tururuwa hatsi take ɗauka. Cinnaka cizo ne aikinsa. Kwarkwasa da runduna take zuwa, ta kori har mai gida. Mai bin zaƙi kuwa shazumami ne, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai yi wa maza adalci ba, don sunan kaɗai ya isa shaida a kotu. Saboda haka a gidanka kowane ƙwaro tururuwa ne.

Ran da Zipora, matar Azariya, ta duƙa ta ce, "Baban Tamar, wannan ai shazumami ne," ko kai bai ɗaga daga jarida ba.

"Maman Tamar, Hausa ba yarenki ba ne. Tururuwa ce."

"Kai yarenka ne?"

"Ni na koyar da shi a makaranta."

Ka ga amfanin takardar shaida.

2. Ɗora laifin a kan wanda ba ya nan

Damina tana nan, gwamnati tana nan, ga kuma maƙwabciya Nana Khadija mai dafa alewa a bayan katanga. Zaɓi ɗaya. Amma kada ka kuskura ka ce ƙazantar gida ce ta jawo su. Macen da aka zarga da ƙazanta tsintsiya take ɗauka, tsintsiya kuwa tana shiga ƙarƙashin gado.

3. Yanke musu hanya

Shazumami ma'aikacin gwamnati ne: na gabansa yake bi, ba ya tambayar inda za a je. Goge layin da tsumma da ruwan sabulu, zuba toka a bakin taga, toshe tsagar bango, kuma ka riƙa share bakin kwalbar bayan ka lasa. Yi wannan lokacin da ta tafi kasuwa. Azariya ya yi kuskuren goge ɗaki a gabanta, abin da bai taɓa yi ba tun ranar aurensu. Zipora ta ajiye kwando, ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne.

4. Gina tsibiri

Ba su iya iyo ba. Tsayar da takalmin cikin baho mai ruwa. Idan aka tambaye ka me takalmi yake yi a baho, ka ce kana gwada shi ne ka ga ko yana yoyo. Faɗe shi da Turanci, ya fi nauyi.

5. Idan magana ta kai coci

Wataƙila ta kira matan zumunta su yi addu'a a ɗakin, tunda ƙwarin sun ƙi jin magani. Yarda nan take cewa aikin maƙiya ne daga ƙauye. Zauna a bakin gado, baza babbar rigarka har ƙasa, kuma "amin" ɗinka ya fi na kowa ƙarfi.

6. Ranar nasara

Wata safiya za ka ga sun rabu da takalmin, sun koma bayan gida, sun yi cincirindo daidai inda kake fitsari. Taya kanka murna: kwalba ta tsira.

Da haka ta faru a gidan Azariya, Zipora ta riga ta ɗaura zanen zumunta, za ta babban taron mata a Fadan Kagoma, inda ita ce za ta ja waƙa. Ta daɗe tsaye tana kallon ƙwarin suna shan fitsarin mijinta kamar zuma. Wannan karon ba ta yi gardamar sunansu ba. Motar matan zumunta ta yi ta oda a ƙofar gida, Zipora ta leƙa ta ce su wuce.

"Sa rigarka, Baban Tamar. Asibiti za mu."

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba likita ba ne, kuma babu ruwansa da ƙafa, ido ko aure da wani ya rasa a hanya. Korar ƙwari ya koyar, ba tsawon rai ba. Mai ƙorafi ya kai shi ɗakin maza a asibiti. Zai tarar da wata mata a bakin gado, cikin zanen zumunta, tana fifita kunun acca marar sukari har ya huce.