Yadda Na Kai 'Yan Hayata Faransa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na sa wa raina cewa na fi kowa wayo a Jibiya. Lokacin Turawanmu da na Faransa ba su daɗe da raba ƙasa ba, mutanen Maraɗi kuwa sai kwararowa suke, suna gudun aikin dolen Faransa. Sai na sayar da shanun gadona biyu, na gina bukkoki shida can arewa da gari, inda talakawa ke raɓewa, na zuba 'yan haya. (Kawuna ya ce baƙo saukarsa ake, ba a karɓar kuɗinsa. Na ce tsufa ne.)

Wajen gini na ga tarin duwatsu an shafa musu farar ƙasa, ba mai su. Na kwashe abina na kewaye makewayi.

Bayan damina sai ga shela: gobe Bature zai zo duba alamar iyaka, wanda ya taɓa ta sai gidan yari. Nan na gane duwatsun makewayina su ne alamar. Na bari kowa ya tafi kasuwa, na dinga jidar duwatsun nan ina zufa ina salati. Ciyawa ta rufe wurinsu na asali, tsoro kuma ya hana ni tunani, sai na tara su inda ƙarfina ya ƙare. Ashe kudu da bukkokin na tara su.

Bature ya zo, ya dubi duwatsu, ya gyaɗa kai. Tafinta ya ce, "Daga nan zuwa arewa ƙasar Faransa ce."

Baba Tanko, dattijon 'yan hayata, ya juyo a hankali. "Ɗan nan, mi ka yi muna? Kwana ukku muka yi muna gudun Faransa, ka amshi kuɗinmu ka maishe mu cikinta?"

Na buɗe baki, na tuna gidan yari, na rufe. Sai da Bature ya hau doki sannan matar Baba Tanko, wadda ashe zazzaɓi ya hana ta kasuwa, ta ce, "Ai jiya ta kafar zana na ga Bature na ukku yana raba ƙasa, wandonai duk kashi."

Kafin la'asar bukkokina sun zama fayau, sunan Bature na Ukku kuwa ya bi ni har yau. Na dai koyi darasi: kafin ka karɓi haya, fara tambaya a wace ƙasa gidanka yake.