Kowa Ya Bi Jitata

Allah Ya yi wa garin nan gata da Ya ba shi Kunnen Zinare. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don jiran mutane su gane darajarka ɓata lokaci ne. Shi ne shugaban ƙungiyar kiɗa, shi ne mai jita, shi ne mawaƙi, da kuma hannu uku gare shi da tuni mai ganga ya koma gida. Sauran makaɗa da 'yar na'ura suke saita tsirkiya. Shi kuwa ya ce na'ura ta kurame ce.

"Kowa ya bi jitata," yakan ce, yana shafa tumbi. "Jitata ba ta bin kowa."

Abin da bai faɗa ba shi ne jitar maƙogwaronsa take bi. Tsufa ya fara taɓa muryar, ta daina kaiwa sama. Maimakon ya ce a sauko da waƙar gaba ɗaya, sai ya juya baya ya sassauta tsirkiya a ɓoye. Mai kaɗa bes kuwa, jitar nan mai kaurin murya, yana nan inda aka saita jiya. Da an fara sai sautin biyu su kaure da kokawa, haƙoran mai sauraro su yi tsami. Nan take gwanin zai ɗaga hannu cikin takaici irin na manya, ya kori mai bes. Laifi tudu ne. Haka ya yi ta kora har masu bes na garin suka ƙare, saura ƙanen matarsa, wanda yayarsa ta haɗa da Allah ya rufa wa gidanta asiri.

Bawan Allah ya yi ƙoƙari. Jita ta sauka, ya bi ta. Ta ƙara sauka, ya sake bi, har tsirkiyarsa ta saki kamar igiyar shanya. Ran nan dai ya gaji ya ce, "Yaya, faɗa mini inda ka tsaya yau, in same ka can."

"Inda na tsaya? Au, ni na motsa? Tun kana zanen goyo ina nan inda nake!"

Ana haka mai wani babban ɗakin taro ya kira su gwaji da yamma. In sun burge shi, su ne za su riƙa kiɗa duk ƙarshen mako. In ba haka ba ƙungiya ta watse, don mai ganga ya rantse wannan ne zuwansa na ƙarshe.

Kunnen Zinare ya leƙa ya ga kujeru cike, sai ƙuruciya ta motsa. Ya murɗe tsirkiyarsa tamau, ya mayar da ita can sama inda muryarsa ta rabu da zuwa tun tuni. Ƙanen matar ya kai hannu zai ɗaure tasa, aka buge hannun.

"Kul! Saiti a gaban jama'a? So kake a ce ba mu shirya ba?"

Ƙanen matar ya san da ya taɓa tsirkiya ɗaya laifin duniya kansa zai hau. Sai ya sa ƙafa ya zare wayar bes daga lasifika. Ya yi ta kaɗa yatsu, yana gyaɗa kai, yana lumshe ido, ko sauro ya fi shi ƙara.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka bar jita da mai ita su kaɗai, tana sama yana ƙasa. Ya miƙe wuya, jijiyoyi suka tashi, muryar ta kama hawa, ta zame, ta dawo da tari. Wata tsohuwa a layin gaba ta miƙo masa ruwa. Ya ɗauka kyautar yabo ce, har da rusunawa.

Da aka gama ya dafa kafaɗar ƙanen matarsa a gaban mai ɗakin. "Ka gani, ranka ya daɗe? Horona ne. Yau bes ta bi jitata sau da ƙafa, ko kuskure ɗaya ban ji ba."

Mai ɗakin ya sunkuya ya ɗauko bakin wayar da ke yashe a ƙasa, ya jujjuya shi.

"Ni ma ban ji ba," ya ce. "Na ɗauke ku aiki, amma da sharaɗi. Jitar da makirufon ma a yi musu irin wannan saitin."