Rasuwar Tagwayen Sifirin na Jar Motar Alhaji Audi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda ya rage masa cin tuwo amma bai hana shi ba, Alhaji Audi Ketare, tsohon malamin gona mazaunin Ƙanƙara, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tagwayen sifirin na bayan jar motarsa mai ƙofa biyu. Na hagu ya cika ranar Talata da hantsi a kan hanyar Damari. Na dama yana da sauran numfashi, amma bakanike ya ce ba a canza ɗaya a bar ɗaya, don haka iyali suka amince a haɗa su a sanarwa guda. Sun rasu suna da shekara arba'in da bakwai.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin marigayan ba, domin ba masu son fitowa fili ba ne, ƙarafa ne dogaye masu lanƙwasa, falle huɗu-huɗu, ɗaure a ƙarƙashin mota kusa da tayoyin baya. Aikinsu shi ne su shanye dukan hanya kafin ya iso ƙugun mai mota.

An ƙera su a ƙasar waje a 1978, domin motar tsere mai ɗaukar siraran mutane biyu a kan kwalta mai santsi. Alhaji Audi ya karɓe su tare da motar a 1989, daga hannun wani Ba'indiye malamin lissafi da zai koma gida. Tun daga ranar ba su sake ganin rayuwar da aka yi musu alkawari ba. Sun ɗauki taki, sun ɗauki injin ban-ruwa. Sun ɗauki ragon layya sau ashirin da uku, da ɗan maraƙi sau ɗaya, wanda ya yi tafiyar kansa a waje ta taga. Tseren da motar ta taɓa yi guda ɗaya ne, da wata akori-kura mai lodin rake a hanyar Faskari, kuma har yau ba a daidaita kan wanda ya ci ba.

A duk tsawon wannan hidima ba a taɓa jin marigayan sun ɗaga murya ba. Idan an shiga rami sukan ce "ƙiii" a hankali. Idan ramin babba ne sukan ce "ƙiii-ƙum", su ci gaba da aiki.

Wajibi ne a bayyana matsayinsu a wurin Alhaji. Shekara talatin da shida ke nan yana da magana guda da yake zama da ita a majalisar gindin itacen bedi, bayan la'asar: "Motar ga, ko noti guda ba a taɓa canza mata ba." Taya da batir da filogi ba sa cikin maganar, domin a wurinsa waɗannan tufafi ne, kowa na canza riga. Injin da giya da sifirin su ne jiki. Da wannan magana ya daɗe yana gasa abokinsa Malam Abdulgafar, tsohon hedimasta, wanda aka sauya wa motarsa inji sau biyu. Alhaji ne ya raɗa wa motar Hedimasta suna Mai Zuciyar Aro, sunan ya bi ta har yaran unguwa suka haddace. Hedimasta bai taɓa ramawa ba. Yakan dai sunkuya lokaci-lokaci ya leƙa ƙarƙashin jar motar, ya miƙe, ya ce yana duba lafiyar tsofaffi ne.

Rashin lafiya ya soma shekara biyar da suka wuce. Na hagu ne ya fara sagewa, kasancewar ɓangaren direba yake, kuma direban ya ƙaru sosai tun bayan ritaya. Motar ta karkata. Muryar marigayin ta koma "gwaram", ko a kan hanya mai kyau. A farkon daminar bana aka kai su wurin Jabiru bakanike, wanda ya kwanta a ƙarƙashin motar minti biyu ya fito.

"Baba Alhaji, sun gaji. A kawo wasu daga Kaduna, kwana uku an ɗaura."

"In an ɗaura, me zan ce a gindin bedi?"

"Ka ce ka samu lafiyar baya."

Alhaji bai karɓi wannan shawara ba. Ya yi nazarin kwana tara, ya yanke cewa gyara halal ne, canji kuwa cin amana. Ya sa Jabiru ya kwance na hagu kaɗai, ya naɗe shi a buhu don kada a gani, ya kai shi Sheme wurin Mani maƙeri, wanda ya shekara ashirin yana ƙera wa manoman yankin garma da fartanya.

Iyali ba su zargin Malam Mani da komai. Ya yi wa marigayin abin da yake yi wa kowace garma: ya sa shi a wuta har ya yi ja, ya buge shi a kan uwar maƙera, ya tsoma shi a ruwa. Da lanƙwasar ta dawo yadda Alhaji ya kwatanta da hannu, sai Mani ya tuna tsohuwar hulɗarsu tun zamanin rabon taki. Mai awon hatsi ba ya sallamar tsohon abokin ciniki bai ƙara masa tafi guda a kan mudu ba, shi ma Mani bai ga yadda zai sallami Alhaji a kan daidai ba. Ya ƙara guduma goma sha biyu.

"Wanga ƙarin naka ne, Alhaji," in ji shi. "Ban yi wa kowa haka."

Da aka ɗaura, hagun motar ya fi damanta tsawo da taƙi guda. Alhaji ya koma tuƙi kamar mai leƙen katanga. Uwargidansa Hajiya Zulaihatu, wadda ke zama a dama, ta koma ƙasa har ƙofarta tana sharar hanya. An yi jinyar wannan da buhun masara a bayan kujerar direba, abin da ya daidaita motar tsawon mako uku, har ranar da Hajiya ta aika da buhun inji aka niƙa.

Sai aka kai na dama Sheme. Mani ya yi masa irin aikin ɗan'uwansa, kuma da yake zuwa na biyu ne, ya ga bai kamata ƙarin ya gaza na farko ba. Ya ƙara guduma goma sha biyar. Aka mayar da na hagu don ya kamo, shi ma ya samu nasa ihsanin. Zuwa ƙarshen wata bayan motar ya ɗaga sama, hancinta ya duƙa kamar tunkiya mai kiwo. Alhaji ya shaida wa majalisa cewa haka motocin tsere na asali suke tsayuwa. Hedimasta ya gyaɗa kai.

Jabiru ya yi gargaɗi a lokacin cewa ƙarfen sifirin ba ya son wuta da ruwan maƙera, yakan bushe ya koma kamar rake. An rubuta gargaɗin a nan ne bisa roƙonsa.

A ranar Talatar, Alhaji da Hajiya suna kan hanyar zuwa suna a Damari. An yi ruwa da safe. Bayan wata kwalbati akwai rami da marigayan suka sani shekara da shekaru, suka saba gaisawa da shi. Na hagu ya shiga, ya ce "ƙiii", sannan ya ce "tas". Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Motar ta zauna a kan tayarta, ta ja taku kaɗan, ta tsaya. Ba wanda ya ji ciwo, sai kwanon cincin da ya kife.

Motar farko da ta iso wurin ita ce Mai Zuciyar Aro, domin Hedimasta ma sunan zai je. Ya fito, ya sunkuya, ya duba, ya daɗe. Ya miƙe ya cire hularsa, ya buɗe wa Hajiya ƙofar baya, ya ba Alhaji gaba. Daga nan har Damari, da dawowa har Ƙanƙara, bai ce uffan a kan lamarin ba, sai hirar farar masara da ja. Alhaji ya ce a rayuwarsa ba a taɓa zaginsa haka ba.

Marigayan sun bar shokozoba biyu, dukansu masu yoyo, da tayoyi huɗu daga uwa daban-daban, da jek wanda ya tsaya a kansu har ƙarshe. Sun kuma bar salansa, wato bututun hayaƙi, wanda ya ji rauni a haɗarin, yanzu haka yana ɗaure da waya.

Magadansu sun iso daga Kaduna jiya, baƙaƙe wul, suna sheƙi. Alhaji ya nemi Jabiru ya shafe su da laka da baƙin mai kafin a ɗaura, a kuma rufe maganar a cikin gida. Hajiya Zulaihatu ta ƙi.

"Alhaji, mutumin da ya ɗauko mu a hanya za ka ɓoye mawa? Ka faɗa da bakinka, ya fi maka sauƙi."

Dalilin wannan sanarwa ke nan. Alhaji Audi yana shaida wa jama'a cewa daga ranar Alhamis an canza wa motarsa wani abu. Ya janye maganarsa ta gindin bedi, ya kuma janye sunan da ya raɗa wa motar abokinsa, ko da yake bai da ikon janye shi daga bakin yara.

Za a ɗauki marigayan daga garejin Jabiru ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe zuwa maƙerar Malam Mani a Sheme, inda za su koma garma biyu da wuƙaƙen yankan kubewa. An roƙi Malam Mani kada ya yi ƙari. Zaman gaisuwa a gindin bedi ne bayan la'asar, kwana ɗaya tak. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi yadda aka yi, kada kuma su zo da shawara.

Malam Abdulgafar ne zai yi jawabi a madadin abokai. Iyali sun ba shi minti uku. Ya aiko cewa shekara talatin da shida yana shirya jawabin, don haka kowa ya zo da tabarmarsa.