Kwamfutar Ɗan Kawu Ta Ƙi Tashi

"Lafiya lau, in ban da wannan fuskar taka da na tarar," in ji ta, ta dire jakar kayan aiki a bakin ƙofa.

Ɗan kawunta ne, taubashinta, mai ɗaukar hoto. Ita kuwa gyaran kwamfuta take yi a wani kamfani, daga can ta biyo, a gajiye liƙis. Tsohuwar kwamfutar da yake tara duk aikinsa a ciki, wadda ke kunne kullum a ƙarƙashin matakalar bene, ta mutu da safe da aka kawo wuta da ƙarfi. Hotunan yaye ɗalibai ɗari biyu na ciki, gobe makarantar za ta aiko a karɓa.

"'Yar gwaggo, tun hantsi nake kiranki."

"Ina da aikin yi ne, ba kamar wasu ba. Me ka yi mata?"

"Na kashe na kunna. Na ɗan bubbuga ta."

"Ka buga ta? Jaki ka ɗauke ta?"

Ta durƙusa ta kwance murfin, ƙaurin ƙonewa ya bugi hancinta.

"Akwatin wutarta ya ƙone. Kai, wannan ƙurar fa? Ko shuka za ka yi a ciki?"

"Shekara shida ba ta taɓa yi mini gardama ba. Jin za ki zo ne ta suma."

Ta ciro wani akwatin daga jakarta ta ɗaura. Fanka ta juya, kwamfutar ta yi ƙara sau uku, allon ya tsaya baƙi ƙirin.

"Kin ji? Zaginki take yi."

"Kai take kai ƙara. Haska mini nan. Ba cikin idona ba, mai hoton banza!"

Ta zare ƙananan allunan ciki ta goge ta mayar. Wannan karon rubutu ya fito, layi ɗaya tal. Ta karanta, ta zauna daɓas a ƙasa ta jingina da bango.

"Faifan da take tashi da shi ya tafi. Ina kwafin da na ce ka riƙa ajiyewa a wani wuri?"

Ya sosa ƙeya. "Yana ciki."

"Cikin me?"

"Cikinta."

"Wayyo kawu, bawan Allah! Duk haƙurinsa abin da ya samu ke nan."

Ya zauna a kan matakala ya dafe kai. "An yaye yaran nan sun watse. Ina zan sake tara su?"

Ta dube shi, sai ta kwance ɗaya faifan, babban da hotunan ke kai, ta jona da tata kwamfutar ta hannu. Ya yi ƙugi, ya tsaya, ya sake ɗauka. Can sai ga su sun jeru, yara cikin riguna da huluna, layi bayan layi.

"Alhamdu lillahi! Dama na san hannuna na da albarka, ni na riƙe fitila."

"Kawo wani faifan mu kwashe, wannan ma numfashinsa sama-sama ne. Tsaya tukuna. Mene ne wannan mai sunana?"

"Kar ki buɗe!"

Ta riga ta buɗe. Hotunanta ne sun fi arba'in: tana barci baki buɗe a mota, tana atishawa, tana cusa loma.

"Shekara nawa kana tara wannan?"

"Tun kafin ki yi aure. Jira nake 'ya'yanki su girma."

"To zaɓi. Ko waɗannan, ko na ɗaliban."

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya ɗaga hannu biyu sama. "Na bi, ranki ya daɗe. Goge. Amma bar mini na atishawar nan, wallahi shi ne hoto mafi kyau da na taɓa ɗauka."

Da shi ta fara.