Ƙasar Farfesa Ta Ci Kwalliya

Duk garin Dimbulah babu manomin taba kamar Ettore Zampolli, shugaban ƙungiyar manoma. Mai musu ya tambayi Ettore. Shi kaɗai ke shiga gona da kwat. Yakan ɗora ƙasa a harshe, ya lumshe ido, ya ce, "Ta ƙoshi." Shi ya sa ake ce masa Farfesa, shi kuwa ya ɗauka da gaske ake.

Ana nan sai gwamnati ta turo wata jami'a, Misis Harcourt, ta auna gubar kadmiyam a gonaki. Ta ce kowa ya kawo ƙasarsa a leda, wanda tasa ta wuce kima ganyensa ba zai shiga gwanjon bana ba. Ta kuma yi bayanin cewa gubar a takin zamani take maƙalewa, amma lokacin Farfesa na gyaran murya, bai ji ba.

"'Yan'uwa, ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Ƙasar Zampolli ce za ta koya wa injinsu karatu!"

Da safe ya haƙo ƙasar, ya gan ta fara fat, rairayi zalla. Haba! Ƙasar shugaba ta je birni a haka, kamar marar gata? Ya zuba mata takin zamani hannu uku, ya cuɗa. Matarsa Assunta na murza taliya, ta leƙo ta taga.

"Ettore, me kake barbaɗawa?"

"Kwalliya ce. Ke kina zuwa coci ba hoda?"

Ranar sakamako ya zauna kujerar gaba, ya harɗe ƙafa. Jami'ar ta ce gonaki arba'in lafiya lau, saura ɗaya.

"Allah sarki," in ji Farfesa. "Faɗi sunan, za mu taya shi da shawara."

Ta faɗa. Ta ƙara da cewa tunda take aiki ba ta taɓa ganin irinta ba, don haka ganyen Zampolli ya zauna gida.

Noman shekara guda ga shi nan ɗaure a rumbu, mafita kuma ɗaya ce: ya faɗi abin da ya aikata a sake gwaji. Ya miƙe, ya ɓalle maɓallin kwat, ya soma, "A kimiyyance dai..."

"Zauna, Ettore," in ji Assunta daga baya. "Baiwar Allah, ki zo gobe ki ɗebi ƙasar da hannunki. Gonar lafiyarta lau. Mai gonar za ki auna."