Mati da Ranar Gayya

A ƙauyenmu akwai wani Mati, gemu har ƙirji, amma in ka ce masa ya tsaya, sai ka dawo ka ce ya zauna. Shi da uwarsa, Iya Tabawa, suke zaune, duk abin da suka mallaka kuwa fadamar shinkafa ce a bakin gulbi. A shekarar nan shinkafa ta nuna, gulbi kuma yana ta cikowa. In ba a yanke ta da wuri ba, ruwa zai cinye musu abincin shekara.

Wata rana Iya ta ce, "Mati, bi Tungar Kuka da Mashaya da Gidan Kanya, ka ce gobe ina gayyar yankan shinkafa." Ya faɗa a Tungar Kuka, aka dama masa fura, ya kwana. Washegari ya isa Mashaya, ya ce gobe. Can ma ya kwana, don Mati ba ya ƙin tabarma. Haka mutane suka riƙa zuwa tsilli-tsilli, kowa da gobensa, su ga ba taro, su ci tuwo su juya.

Sai Iya ta sake aikensa, ta ce, "Wannan karon ka ce Asabar." Ya kai saƙo daidai, har mun fara yabonsa. Sai ruwa ya taɓo gefen gona, Iya ta dawo da gayyar zuwa ran Alhamis. "Maza ka gaya wa duk wanda bai ji ba." Mati ya shiga tare mutane.

"Baba, ka ji zancen gayya?"

"Na ji, ran Asabar."

"Madalla, ba wurinka aka aiko ni ba."

Mutum ɗaya ya samu wanda bai ji ba, wani baƙo mai tallan gishiri. Ran Alhamis shi kaɗai ya zo, ko lauje ba shi da shi.

Ranar na tausaya wa Iya. Ta zauna gaban tukunyar tuwo tana hawaye, ta ce, "Kowa da tasa ranar a ka! Na fasa. Je ka karɓo min maganata."

Da gari ya waye Mati ya dira Tungar Kuka. "Iya ta ce a ba ta maganarta."

Mai unguwa ya ce, "Kai Mati, magana zarar bunu ce, ta ina za a mayar?"

"To zan riƙe jingina."

Ya bi zaure-zaure ya kwashe laujunansu, ya zuba a buhu, ya sheƙa. Haka ya yi a Mashaya, haka a Gidan Kanya. Kafin hantsi ga maza na ƙauyuka uku a bayansa suna ihu, har bakin fadama inda Iya take tsaye tana kallon ruwa. Ya juye buhun a gabanta.

Mai unguwa yana haki ya ce, "Wai Iya, gayyar nan yaushe ce?"

Ta dubi laujuna, ta dubi maza, ta ce, "Yanzu."

Kafin la'asar an gama tara shinkafa a kan tudu. Mati dai yana ta ƙorafi cewa har yanzu ba a ba shi maganar ba. Ran Asabar ɗin da kowa ya riƙe a kansa, kwalekwale ne ya ratsa ta tsakiyar fadamar.