Ranar da na yi wa Inna ƙidaya

Har gobe ba zan taɓa mantawa ba da hutun da aka ɗebe mu, mu 'yan makaranta, aikin ƙidayar jama'a. Lokacin kuɗin mai ya shigo, gwamnati na son sanin kowa da komai, mutanen Wudil kuwa sun tsorata, wai haraji za a ƙara.

Shugabanmu ya gargaɗe mu: "Kada wanda ya rubuta abu da ka. Ku ji daga bakin mutum, ko da uwarku ce."

Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, amma in dai doka ce ba na tsallake ko harafi, sai na riƙe maganar nan gam. Aka kuwa ba ni unguwarmu, Sabon Gari.

Na yi sallama a gidanmu kamar baƙo (har da gyaran murya). Inna na tsintar shinkafa, Goggo, yayar Baba, na zaune gefenta.

"Sunan maigidanki?" na tambaya.

Inna ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

"To, sunan ɗanki na fari?"

Ni ne fa ɗan farin! Tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba saboda kunya, sai dai "wannan yaron". Na sani sarai. Amma na maimaita, har da cewa in ba ta faɗa ba gwamnati ba za ta san da ita ba.

Goggo ta saki salati. "Kai, ɗan nan! Ita gwamnatin ba uwa ce ta haife ta ba? Me za ta yi da sunan mijin mutane, aurensa za ta yi?"

Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga, dariya ta ɓarke. Na tsaya da alƙalami a hannu.

Inna ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce da Goggo, "Yaya, ki gaya wa ma'aikacin gwamnati, wanda yake tambaya ya fita tun da safe bai karya ba. In ya gan shi, ya ce masa kokonsa na nan a rufe."

Na rubuta sunana da hannuna, na tsuguna na sha kokon. Daga ranar na gane ikon gwamnati a zaure yake tsayawa, cikin gida kuwa sai abin da Inna ta ga dama.